Ayari Ba Madugu

Duk wanda ya ke wucewa ta bakin tashoshin manyan motoci na Kano ko Kaduna ko Abuja a ƙarshen wata, ko kuwa sa'ad da makarantu suka yi hutu, ba zai rasa ganin wata mota shaƙe da kayan gida ba. Ga gado a bisa, ga katifa a naɗe, turmi da taɓarya a gefe, firji a kwance, an ja igiya an ɗaure, yaron mota ya ɗare ƙoli ya zauna. Mai kallo ya kan yi murmushi ya wuce abinsa. Amma mai kayan ba murmushi a ransa, gama abin da ya tara cikin shekara 20, da abin da iyayen matarsa suka yi mata na aure, ga shi nan duka a hannun mutumin da bai taɓa gani ba sai yau da safe. Bai san sunansa na yanka ba, bai san unguwarsu ba. A kan wannan al'amari mu ke so mu yi magana yau, domin ya zama ruwan dare, ba mu kuwa ga wanda ya kula da shi ba.

Da can ƙaura ba aikin kuɗi ba ce. Da Hausawa suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, abin da su ke gani da idonsu suka faɗa. In mutum zai tashi daga wannan gefen gari zuwa wancan, gayya a kan yi. Samari su cira jinka su ɗauka a ka, mata su kwashi ƙore da tukwane, a ɗora hatsi bisa jakuna, mai gida ya ba da fura da goro, shi ke nan. In tulu ya fashe an san a hannun wa ya fashe, ba a kuwa kai ƙara, don gobe shi ma za a taya shi. In kuma tafiya mai nisa ce, irin ta fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, ba mai hankalin da zai sa dukiyarsa cikin ayarin da ba shi da madugu. Madugu shi ya san hanya, shi ke zaɓen zango, shi ke magana da sarakunan ƙasashen da a ke ratsawa, kuma in wani abu ya ɓace shi a ke tambaya. Watau ko kusa ko nesa, akwai wanda a ke riƙewa.

Aikin Gwamnati shi ya fara koya wa mutanenmu yawan tashi da iyali daga gari zuwa gari. A 1917 aka ta da hedkwatar Arewa daga Zungeru aka kawo ta Kaduna. A ran 27 ga Mayu 1967 aka raba Nijeriya jiha 12, guda 6 a Arewa, a shekarar da ta biyo baya kuwa aka rarraba ma'aikatan Kaduna, waɗansu suka nufi Kano, waɗansu Sakkwato, waɗansu Maiduguri da Jos da Ilori. Haka aka sake yi a 1976. A 1987 aka yi ƙaura zuwa Katsina, a 1991 zuwa Dutse da Birnin Kebbi da Damaturu da Jalingo, a 1996 zuwa Gusau da Gwambe da Lafiya. Babbar ƙaura duka ita ce ta Gwamnatin Tarayya daga Ikko zuwa Abuja, ran 12 ga Disamba 1991. A zamanin farko Gwamnati ita ce madugun ma'aikatanta. A kan ba mutum waranti ya shiga jirgin ƙasa da iyalinsa, kayansa na cikin wagunu a rubuce, ko kuwa Ma'aikatar Ayyuka ta ba da lori da direba wanda aka san lambarsa. Yau galibi kuɗi a ke ce wa mutum za a ba shi, ya je ya nemi mota da kansa. Ga kuma dubban masu zaman haya a birane, waɗanda da shekara ta zagayo mai gida ya ƙara kuɗi sai su naɗe tabarma su nemi wata unguwa. Maƙwabcin da zai taya ka yana wurin aiki, dangi suna can ƙauye. Dole sai ɗan haya.

To, masu wannan sana'a iri biyu ne. Akwai kamfanoni a Ikko da Abuja waɗanda aikinsu ke nan. Su kan aiko mutum ya zagaya gida ya ga kaya, ya yanke kuɗi a rubuce, ran tashi su zo da kwalaye su naɗe kome, su sa wa kowane kwali lamba, su zuba cikin mota rufaffiya. Aikinsu na da kyau, amma kuɗinsu sai bankuna da ofisoshin jakadanci da manyan attajirai. Sauran jama'a kuwa, watau mu duka, tasha mu ke zuwa. Can ɗan kamasho zai haɗa ka da mai a-kori-kura ko mai kanta, a kira 'yan dako uku ko huɗu daga bakin titi, a yi ciniki da fatar baki, a kama aiki.

Bari mu ɗauki misali. A ce ga wani ƙaramin ma'aikaci an yi masa canji daga Kaduna zuwa Sakkwato. Ya tambayi direba nawa zai biya, direba ya ce, ai Malam sai mun ga kaya, ba za mu ɓata ba. Sai da aka gama lodi, gida ya zama kango, an mayar wa mai haya mabuɗinsa, sa'an nan kuɗi ya fito, ninkin abin da ya yi zato. Ba halin saukewa. Ya shiga motar fasinja da iyali ya yi gaba. Direba kuwa da ya isa Zariya ya ga da sauran wuri, sai ya ƙara buhunan wani ɗan kasuwa a kan kabad. A hanyar Gusau hadari ya taso, tamfol ɗin da a ke da shi duk huji ne. Bayan kwana biyu mota ta iso, direba ya ce ba za a kwance igiya ba sai an cika masa abin da ya kashe a shingayen hanya. Aka sauke. Madubi ya tsage, katifa ta sha ruwa, ƙafar kabad ta karye, ƙaramar akwatin da ke da takardun makarantar yara ba a gan ta ba. Wa zai kama? Direba ya ce laifin hanya ne, shi tuƙi aka ɗauke shi. 'Yan dakon da suka yi lodi suna can Kaduna, ko sunansu ba a sani ba. Ɗan kamasho ya ce shi haɗawa kawai ya yi. Kowa ya zame.

Kada a ɗauka hasarar ta tsaya ga kuɗi. A ƙasar Hausa yawancin abin da ke cikin ɗaki na mace ne. Gado da kabad da kwanonin jere iyayenta suka saya, wani uban sai da ya sayar da gona ko sa. Shi ne jarinta, shi ta ke dubawa ran da wata bukata ta taso. Miji ne ya yi ciniki da mai mota, ita ko shawara ba a yi da ita ba, amma dukiyarta ce ta lalace. Gidaje nawa aka shiga sabon gari da ɓacin rai sabo da wannan?

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne kayan gida ba masara ba ne. Buhu in ya faɗo a ɗaga a mayar. Firji kuwa in aka kwantar da shi, man injinsa ya kan malala cikin bututu, don haka a tsaye a ke ɗaukarsa, in an sauke kuma a bar shi ya huta sa'o'i kafin a sa masa wuta. Tukunyar gas a rufe ta ke tafiya, a tsaye, ba a kuwa haɗa ta da janareta mai fetur a ciki. Mai nauyi a ƙasa ya ke zama daga wajen kan mota, mai fashewa a naɗe shi da bargo. Wannan ilmi ne, koyonsa a ke yi, ƙarfin damtse kaɗai ba ya isa.

Abu na biyu, mutane da yawa suna zaton tun da mota na da inshora, kayansu na da kariya. Ba haka ba ne. Inshorar da doka ta tilasta wa kowane mai mota ita ce ta ɓarnar da motar za ta yi wa wani a kan hanya. Kayan da ke cikinta ba su shiga ba. Su tasu inshorar dabam ce, ta kaya a kan tafiya, sai wanda ya nema ya biya.

Ba za mu ɗora laifi duka a kan masu mota ba, gama mu masu kaya muna da namu. Muna son araha, alhali kuwa araha ba ta ado. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayu 2023 kuɗin sufuri ya hau, wanda ya matsa wa direba ya karɓi abin da ko mai ba zai saya ba, shi ya tura shi ɗaukar kayan wani a kan nasa. Mu kan ɓoye cewa sabon gidan bene ne, ko lungun mota ba ta shiga, sai an isa 'yan dako su ga aikin ya ninka, lada bai ƙaru ba. Mutumin da ya hau bene da firji a gadon bayansa ya cancanci haƙƙinsa cikakke, nan take, ba ja-in-ja. Sa'an nan ga al'adar tashi da dare, wai kada maƙwabta su ga tsiyarmu ko arzikinmu. Cikin duhun nan ne kwano ke ɓacewa, gilashi ke fashewa, kuma a hau hanya lokacin da ɓarayi ke tsaye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga shawararmu. Da fari, kada a ɗaga ko tsintsiya sai direba ya zo ya ga kaya da idonsa, an yanke kuɗi, an rubuta. Takarda guda ta isa: sunan direba da lambar wayarsa da lambar mota, jerin manyan kaya, jimlar kuɗi har da na lodi da saukewa, ranar isa, da sharaɗin ba za a ƙara kayan kowa ba. A biya rabi a farko, rabi bayan an sauke an ƙirga. Takardun gida da na makaranta da gwal da kuɗi su tafi a jikin mai su. In da hali wani ɗan gida ya shiga gaban motar.

Na biyu, ƙungiyoyin direbobi da na masu motocin sufuri, irin su NURTW da NARTO, su ne ya kamata su zama madugan wannan zamani. Suna da ofis a tashoshi, suna karɓar kuɗi a kan lodi. To, wanda ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Su buɗe littafi na masu ɗaukar kayan gida, su buga takardar yarjejeniya iri ɗaya da Hausa da Turanci, su sa hatiminsu, in an yi ɓarna a san ofishin da za a nufa. Direban kirki ba abin da zai rasa, sai ma ƙarin ciniki.

Na uku, ga sana'a tana kiran samarinmu. Biyar su haɗu, su koyi naɗi da lodi da kwance gado da ɗaura shi, su yi rajista, su sami suna a gari. Su ɗauki mata biyu aiki, don akwai gidajen kulle da yawa inda ba a son ƙato baƙo ya shiga har ƙuryar ɗaki. Mata su shirya kaya su rufe kwali, maza su ɗauka daga tsakar gida.

Na huɗu, Gwamnati ta dubi nata. Ƙa'idodin aiki sun tanadi kuɗin ɗawainiya ga wanda aka canja wa gari, har da na masauki na kwana 28 na farko. In an biya kafin tashi, ma'aikaci zai iya zaɓen mota ta gari. In sai bayan watanni, da bashi zai yi ƙaura, mai bashi kuwa ba ya zaɓe.

Mun san wani zai ce rubuta takarda rashin yarda ne, kuma ba kowane direba ya iya karatu ba. Amsarmu ita ce, wanda ya sayi sa a kara da dillali da shaidu ya ke saye, ba a kuwa taɓa cewa ya zagi mai sa ba. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa gaban shaidu biyu, a ɗauki hoton kaya da na mota da waya. Tun dokar 2018 akwai hukumar Tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya da masu biyan kuɗin aiki, ga kuma kotuna, amma ba alƙalin da zai iya yanke hukunci a kan cinikin da ba shaida. Takarda tana kare direba kamar yadda ta ke kare mai kaya, don ba mai ce masa ya karɓi akwati bakwai alhali shida aka ɗora.

Kakanninmu ba su da mota, ba su da inshora, amma ba su taɓa sallama dukiyarsu ga ayarin da ba mai amsa tambaya ba. Ba mu ga dalilin da zai sa mu jikokinsu mu yi haka ba. Muna kira ga shugabannin tasha da masu mota da magidanta kowa ya ɗauki nasa kashi, kada kuwa wani ya ji haushinmu, gama gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya sauki kowane matafiyi lafiya, shi da kayansa, amin.