Littafin Mahmud Tukur da ma'aikatan gwamnati ba su karanta ba

Duk ma'aikacin tarayya da ya taɓa zaman jarrabawar ƙarin girma ya san Dokokin Aikin Gwamnati da Ƙa'idojin Kashe Kuɗi, wasu ma sun haddace su. Waɗannan littattafai suna faɗa wa ma'aikaci abin da aka hana shi, amma ba sa faɗa masa dalilin da zai sa ya bar abin alhali babu mai kallonsa. Wannan giɓi ne Dakta Mahmud Tukur, haifaffen Yola a 1939, ya kwashe shekaru yana ƙoƙarin cikewa.

Tukur ba baƙo ba ne a ofis. Ya shugabanci Cibiyar Koyar da Aikin Mulki ta Kongo a Zariya, ya zama shugaban Jami'ar Bayero na farko, ya riƙe ministan ciniki da masana'antu a mulkin soja na Janar Buhari, ya rasu a 2021. Sau da yawa ana haɗa shi da takwaransa Mahmud Modibbo Tukur, masanin tarihin da ya jagoranci ASUU ya kuma rasu a 1988. Mutane biyu ne daban. Kundin digirinsa na uku na 1977, wanda ya faɗaɗa ya buga a 1999 da sunan Leadership and Governance in Nigeria, ya koma kan rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, yana tambayar abu guda: wace ƙima ce ta riƙe mulki, kuma me za a iya ɗauko wa Nijeriya daga ciki?

Ba abin mamaki ba ne a ce ɗan Yola ne ya yi wannan tambaya. Masarautar Fombina da tutar Shehu aka kafa ta, wadda Modibbo Adama ya karɓo, kuma shi ya kafa Yola a 1841. A zamanin ɗansa Lamiɗo Lawal ne Modibbo Raji, almajirin Abdullahi, ya baro Gwandu ya zauna a Adamawa yana karantarwa. Tun kafin Turawa su ci Yola a 1901 littattafan suna hannun malaman garin.

Abin da ke cikinsu ya fi kusa da teburin ma'aikaci fiye da yadda ake zato. A Kitabul Farƙi, Shehu ya jera ɗabi'un sarakunan da ya soka, har ya kira wasu da sunayensu na Hausa a tsakiyar Larabci: jangali, kuɗin gari, gaisuwa. Gaisuwa ita ce kyautar da ake miƙa wa mai iko kafin ya saurari buƙata. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana jami'in gwamnati karɓar kyauta saboda aikinsa, amma buhun shinkafa da ragon Sallah da ɗan kwangila ke aikowa gida har yau da wannan suna ake kiran su. Abdullahi kuwa ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano bayan ya bar rundunar jihadi cikin ɓacin rai, don ya ga son dukiya da muƙami ya fara cin abokan tafiyarsa tun ba a gama yaƙi ba. Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje Usulus Siyasa, inda ya yi kashedi da mai neman mulki da kansa, ya kuma ɗora wa shugaba kula da kasuwanni da hanyoyi da masu sana'a. Daga irin waɗannan ne Tukur ya tsamo adalci, shawara, sauƙaƙa wa talaka da kame kai daga dukiyar jama'a.

Akwai ƙorafi, kuma mai nauyi ne. Daular da aka rubuta wa waɗannan littattafai ta rayu da bauta, Adamawa na cikin manyan wuraren da aka kamo bayi, kuma jikokin Bata da Chamba ba sa tuna zamanin kamar yadda fadar Lamiɗo ke tuna shi. Jangalin da Shehu ya soka ya dawo a hannun magadansa, Turawa suka same shi suka ci gaba da karɓa. Ma'aikaci Kirista daga Numan yana da haƙƙin tambayar me ya haɗa shi da su. Amsar ita ce, abin da ake nema a karanta ba kiran a dawo da daula ba ne. Hujja ce da 'yan ƙasa suka kafa a kan masu mulkinsu, kuma faɗuwar magada a jarrabawar darasi ne da ya kamata a koyar tare da littattafan, ba a ɓoye ba.

Hadiman da ke rubuta wa ministoci jawabi sun fi saurin ɗauko Lee Kuan Yew da Singafo. Babu laifi, sai dai mai sauraro a Jimeta bai san Singafo ba, gaisuwa kuwa ya san ta, wataƙila ma ya biya ta a makon jiya. Kwalejin ASCON ta Badagry da Cibiyar Horar da Ma'aikata ta Abuja suna da ikon sanya littafin Tukur cikin kwas ɗin masu shirin zama daraktoci, tare da rubuce-rubucen Awolowo da Azikiwe da Aminu Kano. Jami'ar Modibbo Adama kuwa ita ta fi cancanta ta nemi izinin iyalansa ta sake buga shi, ta kuma sa a fassara shi zuwa Hausa da Fulfulde.