Hausar Kasuwar Gwari: Dariya Za Mu Yi Ko Nazari?

Da farko ina miƙa godiyata ga hukumar wannan mujalla tamu mai farin jini, da ta ba ni wannan fili domin in amayar da wani abu da yake ci mini tuwo a ƙwarya tun bayan dawowata daga hutun ƙarshen zango, wanda na yi a garin Minna, babban birnin Jihar Neja.

Ni dai Bakano ne gaba da baya, kuma kamar da yawa daga cikinmu, na tashi da tunanin cewa da zarar mota ta wuce Zariya ta nausa kudu, to Hausa ta fara tsinkewa ke nan, sai dai a yi maneji. Da wannan tunani na sauka a gidan kawuna da ke Unguwar Daji. Kwana biyu da zuwana, matar kawu ta aike ni Kasuwar Gwari in sayo doya, domin a cewarta ba a zuwa Minna a koma ba a ci sakwara ba.

Na tarar da wata dattijuwa Bagwariya zaune a gaban tulin doya. Muka gaisa, sai na ji tana gaya wa wani mai saye cewa ya yi haƙuri, 'yarta "ya tafi kawo canji". Na yi murmushi a raina, na ce ga abin da muke karantawa a aji, an mayar da mace namiji. Da layi ya zo kaina na ce, "Mama, sannu da kasuwa, doya nake so." Ta ce, "Sannu ɗana, kwarya ne ko kashi?" Na duba dama na duba hagu, ban ga ƙwarya ko ɗaya ba. Na ce, "Haba Mama, doya kuma a ƙwarya? Ai ko guda biyu ba za ta ɗauka ba." Nan take wurin ya kaure da dariya. Sai da wani mai baro ya ji tausayina ya ce da ni, "Malam, a wurin masu doya ƙwarya ɗaya doya ɗari ce, kashi kuwa 'yan ƙwayoyin nan ne da ka ga an karkasa." Ita kuwa dattijuwar ta juya ga maƙwabciyarta ta ce, "Wannan yaro bako ne, bai ji Hausa ba."

Jama'a, ku duba fa. Ɗalibin Hausa ɗan aji uku, wanda ya ci jarrabawar ginin jimla da ta ƙirar kalma, shi ne mai sayar da doya ta yanke wa hukuncin rashin jin Hausa. Abin da ya fi damuna shi ne, a wannan fage dai gaskiyarta ce.

Tun daga ranar na sayi ɗan littafin rubutu, na shiga zaga gari da kunne a buɗe. Abu na farko da ya ɗauki hankalina shi ne sunayen unguwanni. Minna garin Gbagyi ne tun asali, wato mutanen da mu Hausawa muke kira Gwari, ga kuma Nufawa da yawan gaske. Amma saurari yaran mota da masu keke napep suna kiran wuraren da za su: Tunga, Limawa, Maitumbi, Tudun Fulani, Dutsen Kura, Sabon Gari, Barikin Sale, Kwangila, Gidan Kwano, sai kuma gwanata a cikinsu, wato Sauka-ka-huta, jimla sukutum da guda da ta rikiɗe ta zama sunan wuri. Wanda duk yake neman misalin harɗaɗɗen suna, ga shi nan a bakin titi kyauta. Bariki da kwangila kuwa kowa ya san ararrun kalmomi ne daga Ingilishi, kuma suna tuna mana yadda garin ya bunƙasa. Layin dogon da Turawa suka fara shimfiɗawa daga Baro a 1907, ya isa Kano a 1911, ta Minna ya ratsa, kuma a nan aka haɗa shi da wanda ya taso daga Ikko. Jirgi ya kawo leburori da ma'aikata da fatake, kowa da harshensa, Hausa ta zama igiyar da ta ɗaure su. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 garin ya zama hedikwata, sai abin ya ƙara faɗi.

A gefe guda kuma ga sunaye irin su Kpakungu da Fadikpe, masu ɗauke da sautin da babu shi a Hausa. Na tsaya a tasha ina sauraren yadda 'yan'uwanmu Hausawa suke fama da na farkon, wani ya ce Pakungu, wani ya ce Fakungu. Ashe mu ma muna da namu gwarancin in aka zo ga harshen wasu. Ita kanta kalmar "gwaranci" ya kamata mu tsaya mu dube ta da idon basira, domin kuwa sunan al'umma guda muka ɗauka muka mayar da shi sunan maganar da ba ta fita.

Dubi kuma allunan gari. Za ka ga an rubuta "Kasuwan Gwari" da "Anguwan Daji", ba "Kasuwar" ko "Unguwar" ba. Da farko na ɗauka jahilcin masu fenti ne. Amma da na saurara da kyau sai na ga haka yawancin mutane suke faɗa, babba da yaro, har da 'ya'yan kawuna waɗanda iyayensu duka Kanawa ne. Abin da kowa yake yi a kan tsari ɗaya kullum, ya wuce a kira shi tuntuɓen harshe. Hasali ma malamanmu sun koya mana cewa a Zazzaganci da Bausanci ana samun irin wannan sassauci game da jinsi. To me ya sa in Bazazzagi ya yi mu ce karin harshe ne, in Bagwari ko Banufe ya yi mu ce ɓata harshe ne?

Wajen abinci kuwa, abin sai wanda ya gani. Na nemi waina aka ce masa ake cewa. Na ga dakuwa na kira ta da sunanta, mai tallar ta ce donkwa ce. Ƙuli-ƙulin da matan Nufawa suke kawowa, wani sirara kamar tsinke, wani zagaye kamar awarwaro, mai yaji da mara yaji, ya sa na daina kuri da na unguwarmu. A wani ɗan shagon abinci kusa da shataletalen Mobil na ci tuwon shinkafa da miyar wake irin ta Nufawa wadda suke kira ezowa, kuma a teburi ɗaya na ji an nemi teba da agushi, an nemi amala, an nemi sakwara, duk a cikin jimlolin Hausa. A Kasuwar Kure, wadda aka sa wa sunan Injiniya Abdulƙadir Kure da ya yi gwamnan jihar daga 1999 zuwa 2007, na ga ɗan kasuwa Ibo da wata Bayarabiya suna ciniki, ba da Turanci ba, da Hausa, har da rantse-rantsenta. Nawa ne daga cikin kalmomin da suke yawo a waɗannan rumfuna suka shiga ƙamus? Bargery ya fitar da nasa a 1934, Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, amma kasuwa ba ta jiran maɗaba'a, kullum cikin haihuwa take.

A nan ne nake da ƙorafi a kanmu mu ɗalibai. Je ka ɗakin ajiye kundaye na sashenmu ka karanta kanun da ke jikin bangwayensu. Jigo da salo a waƙar wane, jigo da salo a littafin wance, al'adun aure a garin kaza. Ban raina wannan aiki ba, yana da muhimmancinsa. Sai dai mun mayar da shi tudun mun tsira, saboda ana iya yin sa daga ɗaki, a jawo kundin bara a sauya sunan mawaƙi. Alhali ga miliyoyin mutane a Minna da Suleja da Lafiya da Jos da Yola waɗanda suke kwana su tashi da Hausa ba tare da ita ce harshen uwarsu ba, mun bar wa masu wasan barkwanci su yi ta kwaikwayon su a finafinai.

Na san wani zai ce, to so kake mu rungumi "yarinya ya zo" mu shiga da ita ɗakin jarrabawa? A'a. Daidaitacciyar Hausa tana nan a matsayinta, da ita za mu rubuta, da ita za mu koyar, wannan maƙala ma da ita na rubuta ta gwargwadon iyawata. Amma aikin mai nazarin harshe ya bayyana abin da mutane suke faɗa kafin ya yi musu hukunci. Kuma kada mu manta, shi kansa Alhaji Abubakar Imam, wanda muke auna zaƙin Hausa da Magana Jari Ce ɗinsa, a Kagara aka haife shi a 1911, garin da yake cikin Jihar Neja a yau.

Akwai kuma wani ɓangare mai nauyi da bai kamata mu kau da kai daga gare shi ba. Wani magidanci Bagwari, abokin kawuna, ya shaida mini cewa in ya yi wa 'ya'yansa magana da Gbagyi, da Hausa suke mayar masa. Ban ga alamar farin ciki a fuskarsa ba lokacin da yake faɗa. Mu kan yi tutiya a tarukanmu cewa Hausa tana bunƙasa tana cin ƙasa, mu tafa. Ba mu cika tambayar ƙasar wa take ci ba. Mu da muke kuka cewa Ingilishi yana raba 'ya'yan Hausawa da harshensu a makarantun kuɗi, mu ya fi cancanta mu gane zafin da wannan bawan Allah yake ji. Wanda zai je nazarin Hausar Minna, to ya tafi da niyyar koyo, ya rubuta abin da Hausa ta bayar da abin da ta karɓa, har da abin da ta danne.

Ana gobe zan dawo makaranta na koma wurin dattijuwar nan domin in yi wa gida tsarabar doya. Bayan mun gama ciniki na roƙe ta ta gaya mini sunan doya da harshenta. Ta faɗa, na maimaita sau uku, harshena ya ƙi lanƙwasuwa, 'yarta tana gefe tana ta ƙyaƙyata dariya. Dattijuwar ta ƙara mini doya ɗaya gyara, ta ce in Allah ya kai mu wani hutun in dawo, za ta fara ni daga gaisuwa.