Kafin ka ajiye littafin bashi

'Yan uwa, tun canjin kuɗin da aka yi a Disambar 2024, lokacin da aka ce kowa ya zuba tsofaffin takardun fam 500 da na 1,000 a asusun banki, rabin cinikin Gadarif ya koma cikin waya. Mai sayen buhun dawa ta Bankak zai turo maka, mai biyan bashi ma haka. Kuɗi na shigowa ta waya, lissafi kuma yana cikin littafi mai bangon kwali. Shi ya sa yaranmu suka dame mu da maganar a mayar da komai cikin kwamfuta.

Sun yi gaskiya, amma kada ka yarda a fara da kaka. Idan riɗi ya fara shigowa kasuwar amfanin gona a watan Oktoba, wa ke da lokacin koyon sabon abu? A yi aikin da damina, lokacin da shago ya yi sanyi.

Kuma ba komai za a kwashe ba. A fara da littafin bashi, musamman shail, kuɗin da muke ba manomi kafin girbi ya biya da amfani. Nan rigima take kwana. Fam ɗin da ka bayar a Yuli ba shi ne na Nuwamba ba, don haka kowane layi a Excel ya ɗauki kwanan wata, kuɗin da aka bayar, abin da za a biya da shi, ƙintar na riɗi ko ardab na dawa, da lambar turin Bankak in ta waya aka yi.

Sai maganar sunaye, wadda mutane ke rainawa. Kai ka san Audu na kauye kaza shi ne Abdullahi, shi ne kuma wanda ka rubuta da ajami a shafin baya. Kwamfuta ba ta san haka ba, mutum uku za ta ƙirga maka, kowanne da guntun bashinsa. Ba kowane abokin ciniki lamba, ka zaɓi rubutu ɗaya, Larabci ko boko, ka tsaya a kansa.

Wata biyu cur littafi da kwamfuta su tafi tare, duk Juma'a a gwada jimla. In sun saɓa, a nemo dalili kafin a ci gaba. Yaron da ke shigar da lissafin kuma ya koya maka buɗewa da kanka (gobe yana iya tafiya karatu), kalmar sirrin ta kasance a hannunka.

Duk mun tuna Fabrairun 2024, da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke. Saboda haka lissafin ya zama mai buɗuwa ba tare da intanet ba, a kwafa a filashi a ajiye a gida, ƙarshen kowane wata kuma a buga sunayen masu bashi a takarda.