Takardar Kuɗi Mai Sunan Ƙauye

A wannan wata za mu leƙa Amurka, inda wasu ke sayen tsohuwar takardar dala 10 a kan ɗaruruwan daloli, wani lokaci ma dubbai, kuma hankalinsu ƙalau.

Mu nan mun saba babban banki ɗaya ke fitar da kuɗi. Can kuwa a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, gwamnati na neman rance ido rufe, sai ta yi doka: duk bankin da ya sayi takardun bashin gwamnati, ya ajiye su jingina a baitulmali, za a buga masa kuɗi da sunansa. Gwamnati ke bugawa, amma a jikin takardar akwai sunan bankin, da garinsu, da lambar lasisinsa. Shugaban banki da ma'aji su sa hannu, sau da yawa da alƙalami. Ko bankin ya karye kuɗin ba ya mutuwa, tunda jinginar na nan.

A 1900 aka sassauta, aka ce garin da bai wuce mutum 3,000 ba yana iya buɗe banki da jarin dala 25,000. Nan fa ƙananan garuruwa suka yi ca. Kafin a tsayar da tsarin a 1935, bankuna fiye da 12,000 sun fitar da nasu.

To, ina darajar take? Takardun manyan bankunan New York birjik suke. Bankin ƙauye kuwa kaɗan ya fitar, kuma duk wadda ta tsufa baitulmali ake mayar da ita a lalata. Akwai bankunan da har yau ba a ga takardarsu ko ɗaya ba. Wasu garuruwan ma sun zama kufai, sai sunan ya rage a takarda. Shi ya sa za ka ga mutum ba ya tara komai sai na garin kakanninsa. A ganinmu wannan ya fi mai tarawa don riba kawai hujja. A Okoboji, cikin jihar Iowa, har gidan tarihi aka gina musu, mai suna Higgins.

Abin tsoron yana wajen magada. Waɗannan takardun har gobe doka ta yarda a kashe su. Wanda ya tsinci guda a akwatin kakarsa bai sani ba, sai ya sayi burodi da ita a dala 10. Wani kuma ya wanke ta, ya bi ta da dutsen guga don ta yi kyau, alhali masu saye da sun ga alamar wanki suke karya farashi.