Sana'ar Hannu: Mu Saƙa wa 'Yan Gida Safar Hannu Kafin Sanyi Ya Sauka



Makon jiya wata ɗaliba 'yar aji biyar ta rubuto mana daga Safana. Ta ce bara da sanyi ya tsananta, ƙanenta da ke zuwa makarantar allo da asuba safar ƙafa yake zurawa a hannu, don yatsunsa sukan sandare har ya kasa riƙe allo. Ta ce ta ɗan iya saƙar kwarashi, ta taɓa yin hular jariri, tana tambaya ko za ta iya saƙa safar hannu. Ƙanwata, za ki iya, kuma ba ta ƙanenki kaɗai ba, har ta kowa da ke gidan. Sharaɗi biyu ne kawai: ki fara yanzu, kuma ki auna hannun kowa kafin ki ɗaura zare.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga ƙarshen Nuwamba iskar hunturu take fara kaɗowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ɗauke da ƙurar da mai yawa daga cikinta take tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Iskar busasshiya ce, sama kuma babu gajimare, saboda haka zafin da ƙasa ta sha da rana sai ya tsere da dare. Shi ya sa sanyi ya fi tsanani gab da fitowar rana. Ku duba wa ke waje a wannan lokacin. Baba ya nufi gonar rogo ko lambu, Inna na bakin rijiya, Yaya na kan babur a hanyar Batsari zuwa Katsina ko Safana zuwa Dutsin-Ma, ku kuma kuna tafe makaranta hannu a hammata. Idan kuka jira sai Disamba, ga jarrabawar zangon farko ga sanyi, saƙar ba za ta yiwu ba.

Me ya sa yatsu suka fi jin jiki? Idan aka yi sanyi, jiki yakan tsuke ƙananan hanyoyin jinin da ke hannu da ƙafa don ya tanada ɗumi ga ƙirji da ciki. Ita kuma safa ba ta ƙirƙirar zafi. Aikinta ta tsare iska a tsakanin zare, iskar da ke tsaye wuri ɗaya kuwa ba ta barin ɗumin jiki ya fita da sauri. Safar da za mu yi yau ba mai ɗaki biyar ba ce. Ɗaki biyu gare ta: babba na yatsu huɗu, ƙarami na babban yatsa. Ta fi mai ɗaki biyar ɗumi, don yatsun suna haɗe suna ɗumama juna, kuma ta fi sauƙin saƙawa nesa ba kusa ba.

Kayan aiki

Kuna buƙatar kwarashi mai lamba 4 ko 4.5, wato kaurinsa a milimita, da zaren ulu, da babbar allura, da almakashi, da rular da ke cikin akwatin lissafinku. Safar babba takan ci kusan giram 100 na zare matsakaici, ta yaro kusan rabin haka. Idan zaren da kuka samu siriri ne, ku haɗa biyu ku saƙa tare. Wanda bai samu a kasuwar garinsu ba, ya ba mai zuwa Katsina ko Dutsin-Ma sautu. Idan kuɗin ya gagara, akwai hanya: tsohuwar rigar sanyi da ta yage, ko ta gwanjo mai araha, ana iya warware ta. Ku nannaɗe zaren a bayan kujera, ku ɗaure, ku jiƙa a ruwa, ku shanya a inuwa, zai miƙe.

Awo kafin saƙa

A nan ne na taɓa shan kunya. Ina aji biyu na saƙa wa mahaifina safa a ɓoye, wai in ba shi mamaki. Da ido na kimanta. Kwana tara ina fama. Da na kai masa, ya zura yatsu, safar ta tsaya a tsakiyar tafi ta ƙi gaba. Ya ce, "Allah Ya yi miki albarka," ya sa a aljihu. Washegari a hannun ƙanena na gan ta. Da na zo yin ta biyu, sai na ce, "Baba, kawo hannunka in auna." Ran nan na fara duban hannunsa da kyau. Duk tafin kanta ce ta fartanya, bayan hannun ya tsattsage da kaushi, ɗan yatsa guda ya karkace tun wani tsohon rauni da ban taɓa sani ba. Shekara goma sha uku ina cin abin da hannun nan ya noma, ban taɓa riƙe shi na duba ba. Don haka kada ku yi wa kowa saƙar ɓoye. Ku je ku riƙe hannun ku auna.

Wuri uku za ku auna da zare, ku ɗora a kan rula: kewayen wuyan hannu, kewayen tafi a gindin yatsu huɗu ba tare da babban yatsa ba, da tsawo daga wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya. Ku rubuta sunan kowa da awonsa a bayan littafi.

Daga nan sai lissafi. Ku saƙa ɗan ƙyalle na gwaji, ku ƙirga ido nawa ne a santimita 5. A ce kun sami ido 8, kewayen tafin Inna kuma santimita 20 ne. Biyar sau huɗu ke nan, to ido 8 sau 4, ido 32 za ku riƙa zagayawa da shi. Tafin ƙanenku santimita 15 ne? Ido 24. Kowa da ƙarfin jan zarensa, saboda haka kada ku ari lissafin ƙawa ko aboki.

Yadda ake saƙar

Saƙa iri biyu kacal za ku yi amfani da su. Ta farko sarƙa: ku yi ƙulli mai zarge a bakin kwarashi, ku rataya zare, ku jawo ta cikin ƙullin, ku yi ta maimaitawa. Ta biyu gajeriyar saƙa: ku soka kwarashi cikin ido, ku jawo zare, sai ya zama kunne biyu a kan kwarashin, ku sake rataya zare ku jawo ta cikin duka biyun.

Na ɗaya, wuya. Ku yi sarƙa 11, ta yaro 8. Ku juyo ku bi ta da gajeriyar saƙa. Kowane ido yana da zare biyu a samansa, na gaba da na baya. Daga layi na biyu ku riƙa soka kwarashi a na baya kawai. Wannan ne ke sa wuyan ya riƙa buɗewa yana komawa kamar roba. Ku ci gaba har ɗamarar ta zagaye wuyan hannu ta kama shi, sannan ku haɗe bakin biyu ta zama zobe.

Na biyu, tafi. Ku bi gefen zoben da gajeriyar saƙa kuna zagayawa, ku daidaita yawan idon ya kai abin da lissafinku ya bayar. Ku ɗaura ɗan zare mai wani launi a inda zagaye ke farawa, don kada ku ɓace.

Na uku, gurbin babban yatsa. A gefe guda ku riƙa ƙara ido biyu, zagaye ɗaya a ƙara, ɗaya a bari. Ƙari shi ne saƙa biyu a cikin ido ɗaya. Idan saƙar ta kai inda babban yatsa ya rabu da tafi, ku tsallake idanun da kuka ƙara, ku yi sarƙa 2, ku ci gaba. Ramin da ya rage shi ne ƙofar babban yatsa.

Na huɗu, yatsu. Ku yi ta zagaye ba ƙari ba ragi har saƙar ta rufe ɗan ƙaramin yatsa. Daga nan ku fara ragewa, wato ku haɗe ido biyu su zama ɗaya, a wurare huɗu a kowane zagaye. Idan saura ido 6 zuwa 8, ku yanke zare, ku zura shi da allura ta cikinsu, ku ja ya tsuke, ku ƙulle ta ciki.

Na biyar, ku koma ramin nan, ku ɗaura zare, ku zagaya har ya rufe babban yatsa, ku tsuke kamar yadda kuka yi. Ta biyun ma haka za ku yi ta, don wannan safar ba ta da dama ba ta da hagu. Ku rubuta yawan zagayen kowane mataki, in ba haka ba ɗaya za ta fi ɗaya. Ta farko za ta karkace, za ku warware sau biyu ko uku. Kowa da haka ya fara.

Kowa da irin tasa

Ta Kaka a yi mata dogon wuya ya shige cikin hannun riga. Ta Yaya mai babur kada a rufe yatsun, a tsaya a gaɓar tsakiya, don yana buƙatar yatsunsa a kan birki, zare kuma yana santsi. A matse saƙar, a ɗinka mata ƙyalle ta ciki, don iskar gudu tana ratsa ƙofofin saƙa. Taku ta makaranta ma mai buɗaɗɗen baki ta fi, ku iya riƙe biro. Ta jariri ba a yi mata babban yatsa, ba a sa mata igiya, kuma a juya cikinta a duba, don sako-sakon zare yana iya naɗe ɗan yatsa ya hana jini gudana.

Gargaɗi

Wannan ku karanta wa mutanen gida. Yawancin zaren da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tumaki ba ne, na roba ne da ake yi a masana'anta. Idan ya kusanci wuta narkewa yake yi ya manne a fata, ƙunar kuwa ta fi ta wutar muni. Lokacin sanyi kuma kowa na miƙa hannu a kan murhu ko kaskon gawayi. Doka ita ce: a cire safa kafin jin ɗumi, kafin girki, kafin kunna fitila. Idan kuna son sanin irin zarenku, ku sa babba ya ƙona ɗan guntu a waje. Na gashi yakan yi ƙaurin gashi ya zama toka, na roba yakan dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri. Haka kuma jiƙaƙƙiyar safa sanyi take ƙarawa. Bayan alwala a goge hannu, a shafa man kaɗanya ko basilin, sannan a mayar. Wanki da ruwan sanyi, a shimfiɗa ta bushe, kada a rataye.

'Yan maza, na ji kuna cewa wannan aikin mata ne. Masaƙan da suka yi wa kakanninmu saƙi maza ne, masu ɗinkin hula da aikin babbar riga ma haka. Hannun da ya iya ɗaure tayar keke ya iya riƙe kwarashi. A ƙasar Latbiya da ke Turai, inda ƙanƙara ke zuba, safar hannu na cikin kayan da amarya ke tarawa ta raba wa dangin miji. Da suka karɓi taron ƙungiyar NATO a birnin Riga a 2006, safar hannu 4,500 aka saƙa aka ba baƙi tsaraba. Abin da suke alfahari da shi ke nan a gaban shugabannin duniya.

Idan kun gama na gida, guntayen zare za su rage. Kada ku zubar. Ku haɗa su launi-launi, safar yaro guda za ta fita. A garuruwan Batsari da Safana akwai iyalai da rashin tsaron yankin dajin Rugu ya raba da ƙauyukansu, wasu sun baro har bargunansu. Wasunku da ke karanta wannan shafi kuna cikinsu, wasu kuma benci ɗaya kuke zama da su. Idan kowane mai saƙa a ajinku ya ƙara guda ɗaya, ku tara ku ba malaminku ko malamarku su miƙa wa waɗanda suka dace, a asirce, ba hoto ba shela.

Ƙanwata ta Safana, ki fara da ta ƙanenki, ita ce ƙarama, cikin mako guda za ki gama idan kina yin rabin awa kullum bayan kin gama aikin gida da bitar karatu. Ki rubuto ki gaya mana ido nawa lissafinki ya ba ki, da inda saƙar ta ba ki wahala. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauki hular sanyi mai rufe kunne.