Kafin a Kare Wuri, Sai an Ƙirga Abin da ke Cikinsa

Tambayi matashin Roni ko ya san Baturiya, da wuya bai ce maka "ina ne kuma nan?" ba. Alhali a jiharmu take, can Ƙaramar Hukumar Kirikasamma. Tun 2008 dausayin Baturiya ke cikin jerin Ramsar, wato yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a Iran a 1971 don kare wurare masu dausayi. Duk lokacin sanyi tsuntsaye kan taso tun daga Turai, su ƙetare hamadar Sahara, su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru.

To, ba fa kyan wuri ne ke sa a shiga jerin nan ba. Akwai ma'auni. Ɗaya daga ciki shi ne wurin ya riƙa ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai. Ma'ana sai wani ya sha rana, ya ƙirga, ya rubuta. Sunan ma kaɗai bai isa ba: tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke shayar da fadamun ta sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma na ji a jikinsu.

Mu dawo gida. Duwatsun Roni da dam ɗin Kazaure, me ke rayuwa a cikinsu? Yaushe rabonka da ganin ungulu a mahauta? Iyayenmu sun taso suna korarta, yau tana cikin tsuntsayen da ake fargabar ƙarewarsu a duniya. Gauraka fa? Wasunmu a tambari kawai suka san ta.

Ba mu ce Roni za ta zama Baturiya ba, ƙila ma ba ta kai ba. Amma ranar da mai fasa dutse ko mai gawayi ya iso, da wace hujja za mu je gaban hakimi?

Wayar da muke ƙona data a TikTok ta isa aikin nan. Manhajar iNaturalist kyauta ce: ka ɗauki hoton tsuntsu ko tsiro, ta adana wuri da rana, masana su tantance sunansa. Ku haɗu ku uku ranar Asabar da sassafe, a tafi da wani dattijo manomi ko mafarauci, don shi ya san sunayen da Hausa. Harbi da danƙo kuma a bar shi a gida, don Allah.