Wata Uku: Tarkon da Aka Ɗana wa Mai Haƙƙi

Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. A gaban kotunan Nijeriya kuwa, haƙuri na iya zama sanadin asarar haƙƙi ɗungurungum. Dalili shi ne Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda sashe na 2(a) nata ya ce duk mai ƙarar jami'i kan abin da ya aikata ko ya ƙi aikatawa a bakin aiki, dole ya shigar da ƙara cikin wata uku. Kwana ɗaya ya wuce, ƙofa ta rufe.

A duba yadda abin ke kasancewa. Tsohon malamin makaranta ya yi shekara 35 yana aiki, aka hana shi garatuti ko aka zaftare masa fansho. Ya rubuta takardar koke, aka ce ya dawo mako mai zuwa, fayil na teburin darakta. Yana zarya, wa'adi na cinyewa. Ranar da ya tara kuɗin lauya ya isa kotu, lauyan gwamnati ba zai ce an biya shi ba. Cewa zai yi ƙarar ta makara, kotu ba ta da hurumin sauraronta. Sai a kori ƙarar ba a buɗe ko shafi guda na hujjojinsa ba. Wanda ya jawo jinkirin shi ne ya ci ribarsa.

Dokar nan gadon mulkin mallaka ce. Tun 1916 aka kafa ta, aka kwaikwayo dokar Ingila ta 1893, wadda ma wata shida ta bayar. Ingila ta yi watsi da wannan gata a 1954, mu kuwa muna riƙe da shi. A 1998, a shari'ar Ibrahim da Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jihar Kaduna, Kotun Ƙoli ta ce kariyar ta haɗa har da hukumomi, ba jami'ai kaɗai ba.

Masu kare dokar na cewa dole shari'a ta sami iyaka, kada shaidu su mutu, takardu su ɓace. Wannan gaskiya ne, amma takardun fansho a hannun wa suke? Gaskiya ne kuma kotuna sun sassauta a wasu shari'o'i, suna ɗaukar rashin biyan fansho a matsayin cuta mai ci gaba. Sai dai haƙƙin da sashe na 173 da na 210 na Tsarin Mulkin 1999 suka tabbatar bai kamata ya rataya kan fassarar da alƙali zai zaɓa ba.

Wajibi ne Majalisar Tarayya da na jihohi su cire fansho da garatuti daga wannan wa'adi ƙarara, su kuma tanadi cewa lissafin kwanaki ba zai fara ba sai hukuma ta amsa koke a rubuce. Gwamnatin da ke shekaru ba ta biya bashi ba, ba ta da bakin gaya wa mai binta cewa ya makara.